Jarka Mai Ƙyalle

Zuwa ga Manomiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kin isa lafiya, gajiyar hanya kuma ta sake ki. Yaya jikin Auta? Direban da ya kai ki ya ce ta fara takawa zuwa bakin ƙofa, wurin aikin kuma bai yi ruwa ba, alhamdu lillahi. Ki ce mata babanta ya ce kada ta yi garajen ɗaga abu mai nauyi. Ɗinki ko na likita ne, in aka ja shi kafin ya zauna sai ya buɗe, wannan kam fagena ne. Ki gaida min surukina. Shi kuma sabon angon naki, da ya fito duniya kafin lokacinsa don kawai ya ƙwace min mata, ki faɗa masa ina nan ina jira ya yi haƙora mu yi ta ta ƙare.

Kin ce in riƙa kira. Na kira, Auta ce ta ɗauka, ta buɗe murya kowa na ji, na gaishe da jama'a na kashe. Kuma kin san halina, in na buɗe baki faɗa ne ke riga komai fitowa, in na ɗauki biro kuwa sai in koma mutumin kirki. Don haka duk zuwan da direba zai yi wajenku za ki ga takardata.

Ni lafiya lau, ban da gwiwar nan. Aiki na nan jibge a shago. Amma ba gwiwa ce ta zaunar da ni rubutu ba, maganar irin shinkafarki ce.

Na san yadda abin ya zo miki a karkace. Kin riga kin jiƙa iri, kina shirin yafawa inda kike renonsa kafin dashe, sai ga waya za a shiga da Auta tiyata. Na ga yadda kika tsame shi kafin ya fasa baki, kika baza a tabarmi cikin inuwa kina motsawa, zuciyarki na can hannunki na nan. Na ga kina gatsa ƙwaya da haƙori kina saurare. Na ga kin zuba kaɗan a kwalba da gishiri, kin girgiza, kin ɗaga sama kina duba ko gishirin zai manne. Ke a ganinki ba na kallo. Har bayanin da kika yi wa ƙanwarki na ji, wai irin da aka jiƙa aka sake busarwa yana riga ciyawa tashi, ya fito kai ɗaya, amma barcinsa ba nauyi, ɗan danshi ko zafi ya isa ya farkar da shi a ajiye ya ƙarar da ƙarfinsa a banza. Na kuma san irin nan ba na kasuwa ba ne, na hannun mahaifiyarki ne, Allah ya jiƙanta, kuma jarkoki ukun da kika cika har wuya su ne gonarki ta bana kaf.

To da na dawo daga rakiyarki tasha, na leƙa ƙarƙashin gado don in ga inda kika jera su, ban gan su ba. Na duba bayan ƙofa, na duba ɗakin girki, har kujera na taka da wannan gwiwar na leƙa saman kabad. Na ce ƙila wajen ƙanwarki kika kai. Ban san gaskiya ba sai washegari a teburin mai shayi. Benci cike da mutane, Mai Injin casar shinkafa ya iso, aka ce ya zauna, ya ce shi sauri yake yi, zai je ya duba amanar da aka bar masa a sito. Aka tambaye shi amanar wa. Bai kama suna ba, sai ya juyo ya gaishe ni ya tambayi mai jego. Nan take na gane, na ajiye kofin na tashi.

Na san na yi mita a kwanakin shanyar nan. Na ce shinkafarki ta cinye gidan, ba inda mutum zai ajiye ƙafa, ƙaiƙayi har cikin yadin mutane, na ce ki nema mata wani gida. Amma ai mita ce irin tawa, wadda kika saba ji ki wuce abinki. Yaushe kika fara ɗaukar maganata da gaske haka?

Kuma duk unguwar nan ba ki ga wanda za ki ba ajiya ba sai shi? Mutumin da ya riƙa zarya a ƙofar gidanku da kekensa mai ƙararrawa biyu, yana kaɗawa tun daga kan kwana don babanki ya ji? Kin sha ce min wannan tsohon zance ne, dukanmu mun yi furfura. Na yarda. Amma tun da matarsa ta rasu ya koma shafa turare in zai tafi injin, wa yake yi wa? Buhunan shinkafa?

Kishi nake yi, ba zan ɓoye miki ba. Shekara da shekaru ina ɗinka miki sutura ban taɓa ɓata miki yadi ba, amma da aka zo kan abin da kika fi ji da shi bayan 'ya'yanki, sai kika tura baro kika kai wa wani. Wace hanya ma kika bi da ban gan ki ba?

Ki ba ni amsa ta hannun direba. Ki shafa min kan abokin gabana.

Mijinki mai jiran amsa,
Tela

* * *

Zuwa ga Manomiyata,

Sallama irin ta masu kewa. Ina fata kuna lafiya ke da mai jego da ɗan ƙwacen nan. Na ji daɗi da kika ce yana kama nono sosai, kuma kunnuwana ya ɗauko. Allah ya raya shi, ya sa dai kunnuwan kaɗai ya ɗauka.

Takardarki ta zo. Na karanta, na juya bayanta, na girgiza ambulan ko wani abu ya maƙale. In ci abinci a kan lokaci, in shafa wa gwiwa magani, kada in bar wanki a igiya in hadari ya taso. Maganar iri kuwa ko harafi ɗaya babu. To madalla. Tunda ba ki ce in je ba, ba ki kuma ce kada in je ba, ni na je.

Na sa rigar nan mai aiki a wuya, na tafi da shirin faɗa, har na tsara abin da zan faɗa tun daga gida. Da ya hango ni sai ya kashe injin, ya goge hannu, ya miƙo min. Na ce kayan iyalina na zo ɗauka. Wallahi ko musu bai yi ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi, mutum ya zo da faɗa a cikinsa a bar shi da abinsa. Ya ɗauko makulli ya ce in biyo shi.

Gaskiya ɗaya ce, siton nasa da sanyi. Bangon da kauri, ba taga sai wata 'yar kafa can sama, kana shiga ka ji kamar ka sa kai a randa. Jarkokinki na can a jere kan katako, ba su taɓa ƙasa ba, ba su taɓa bango ba, ga wata kyanwa kwance a gefe kamar an ɗauke ta aiki. Ya share wurin ƙal. Na duba ko zan ga abin kushewa, ban samu ba, sai warin man injin da ke ɗan shigowa, shi na kushe.

Bai tsaya zaɓe ba, kai tsaye ya ɗauko ɗaya ya ajiye a gabana. Na ce duka ukun. Ya ce wannan kaɗai yake da ikon bayarwa, sauran biyun sai mai su ta dawo. Kin ji fa, iko. Ni da gidana, ni da matata, wani ne ke yanka min kason da zan ɗauka. Sannan ya ƙara da karatu, wai kada in buɗe, kada in ajiye a ƙasa, kada in kai kusa da zafi. Ni yake koya wa yadda ake riƙe kayanki. Na ce na ji, ba don na saurara ba, don dai ya yi shiru.

Wani abu kuma da ya tsaya min a rai. Jarkar da ya ba ni akwai ƙyalle ɗaure a hannunta, kore mai ƙananan furanni. Kina tsammani ba zan gane ba? Ragowar rigar da na fara ɗinka miki ce bayan aurenmu, wadda na yi wa hannu sau biyu don na farko ya matse ki. Yankan almakashina ne, ko cikin ƙyallaye dubu zan tsamo shi. Ban ma san kin adana ba. Kin adana shi duk shekarun nan, sannan ki ɗaura a jarka ki kai siton wancan mutumin, ya riƙa shiga yana kallo safe da yamma. Wannan ban san me zan kira shi ba.

Ya ce in ɗauki baronsa, na ƙi. A kafaɗa na saɓa ta, na bi ta babban titi, na tsaya a teburin mai shayi na huta, ba don na gaji ba. Kowa ya gani. Gwiwar dai ta kumbura da na isa gida, amma na shafa maganin kamar yadda kika ce.

Yanzu tana ɗakinmu a kan kujerarki 'yar tsugune. Murfin na nan yadda kika rufe, da ledar da kika sa a ƙarƙashi da kyandir ɗin da kika ɗiga kewaye. In kin dawo sai mu ga wanda ya fi iya riƙon amana, mai biyu ko mai ɗaya.

Ki gaida kowa da kowa. Gidan ya yi min girma.

Naki,
Tela

* * *

Zuwa ga Manomiyata, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma ban haƙuri da kika ji ni shiru kwana biyu. Ba fushi ba ne, wani aiki na sa a gaba, ban so in faɗa miki ba sai na kammala. Yaya ƙarfin jikin Auta? Yaya ango, an ce ya fara kuka da murya irin ta manya? A nan ruwa ya sauka sosai, kusan kullum sai an yi, har ƙofar shago ta kumbura sai na sa kafaɗa take rufuwa.

Bari in ba ki labari daga farko, don ki san mijinki ba kan tela kaɗai gare shi ba.

Wata mata ta kawo min yadi mai tsada, ta ce tun bara ta ƙulle shi a leda ta sa a ƙasan akwati don kada komai ya taɓa shi. Da na warware, Manomiya, sai ga fumfuna ɗigo-ɗigo tun daga wannan baki har wancan, ga wari. Ta zauna tana hawaye. Na ce mata abin da nake faɗa wa kowa, kaya ba ya son a toshe shi, kaya iska yake so. Tana fita sai gabana ya faɗi, na tuna da jarkarki. Na rufe shago na zo gida na tsaya a kanta ina kallo. Roba, murfi, leda, kyandir, ko kafar allura babu. Kuma ke da bakinki kike cewa iri abu ne mai rai. Abu mai rai a toshe masa hanci a wannan laimar? In yadi da ba ya numfashi ya yi haka, ina ga iri?

Na so in tambayi wani. Amma wa zan tambaya? Ƙanwarki ta tafi wajen surukanta. Saura mutum ɗaya, shi kuwa gara in haɗiye allura da in je in tsuguna masa da tambaya. Na ce kin yi rufin nan ne cikin gaggawa lokacin rani, ba ki san za ki daɗe har ruwa ya kankama ba, da kina nan da kin canza masa wuri.

Na sa bakin almakashi na ɓanɓare kyandir ɗin. Alhamdu lillahi na same shi lafiya, busasshe, yana ƙara a hannu kamar tsakuwa, ga ƙamshin nan nasa. Na ce na zo a kan gaɓa.

Sai na ɗauko farin yadin auduga, mai kyan, wanda nake ɓoye wa manyan baƙi. Na wanke shi sitaci ya fita, na yanka jakunkuna, na yi musu ɗinki ninki biyu don ko ƙwaya ɗaya kada ta zube, na sa musu mazagi a baki. Abin da ya ci min lokaci shi ne adon, kowace jaka na zauna na yi mata zangarniyar shinkafa da koren zare, da hannu ba da keke ba. In kin gani za ki ce a tsinka a dafa. Na juye irin a ciki, na rataye su a shago a sandar da nake rataye kayan da aka gama, daidai taga inda iskar ruwa ke shigowa da sanyinta, gefen teburin guga, don idona na kansu yini guda. Kowace safiya sai na kwance mazagi na sa hannu na motsa shi ya sha iska, yadda na ga kina yi a tabarma.

Kuma yana jin daɗin wurin. Ya daina ƙarar nan ta bushewa, ya yi laushi a hannu kamar ya saki jiki, har wani sabon ƙamshi yake yi irin na ƙasa in an yi yayyafi. Duk wanda ya shigo sai ya tambaya, mata biyu ma sun ce in ɗinka musu irinsu.

Ga wanda zai ba ki dariya. Mutumin naki ya zo wucewa, ya hango jakunkunan ta taga, ya ja ya tsaya kamar an dasa shi. Ya matso bakin ƙofa ya buɗe baki zai yi magana. Na san hassada in na gan ta. Na sunkuyar da kai na taka keke da ƙarfi, na yi ta takawa ko yadi babu a ƙarƙashin allurar, har ya gaji da ɗaga murya ya tafi. Ya sake dawowa da yamma, na ce ina da awo, ba ni da lokaci. Nasa biyun na can cikin duhu da warin mai, ba wanda ya san suna yi. Ya je ya ɗinka musu jaka in ya iya.

Ki yi sauri ki dawo ki gani da idonki. Ban taɓa zumuɗin nuna miki wani ɗinki kamar wannan ba, har da rigar farkon.

Ina miƙa gaisuwa ga mutanen gidan duka.

Mijinki mai riƙon amana,
Tela

* * *

Manomiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Ki gaida Auta, ki ce mata ba laifinta ba ne da aka fita waje da wayar, maganar manya ce.

Tun da kika kira ban zauna daidai ba. Da kin yi min faɗa da na san abin yi, faɗa gidana ne. Amma kika tambaye ni tun yaushe suke rataye, na faɗa miki, kika yi shiru har na duba ko layi ya yanke. Ina jin kukan jariri daga nesa, ina jin numfashinki. Ban taɓa jin tsoron shirunki kamar ranar nan ba.

Na yi duk abin da kika ce. Na gatsa ƙwaya, ba ta yi ƙas ba, ta lanƙwashe a haƙorina kamar ƙwai dafaffe. Na samo kwalba busasshiya da gishiri, na zuba, na girgiza, gishirin ya manne a jikin kwalbar ko'ina. Na juye jaka ɗaya a faranti na kai hasken ƙofa, sai na ga na ƙasan sun dunƙule, wasu da ɗan fari-fari kamar gashi. Ƙamshin da na yi miki alfahari da shi, ashe shi ne.

Na baza sauran a inuwa a ɗaki, nesa da taga, nesa da dutsen guga. Kin ce in samo tsumma mai tsabta in jiƙa, in jera ƙwaya ɗari, in naɗe in ajiye mu ga nawa za su tsiro. Ban nemi tsumma ba. Jaka ɗaya na farke, na ja layi da alli kamar zan yanka riga, na jera su, na naɗe da zangarniyar a waje. Yana nan a kwano kusa da keke, ina yayyafa masa ruwa.

Kin ce kada in taɓa na sito, kada ma a buɗe su sai ranar yafi. Ban je ba. Kin kuma ce abin da ke lalata yadi a leda danshin da aka rufe shi da shi ne, ke kuwa sai da kika kore danshin kaf sannan kika rufe, don na waje kada ya shiga. Magana ce gajera. Da na ba mutumin nan minti ɗaya a bakin ƙofa da na ji ta.

Har yanzu ina jin haushinsa, kuma ban san dalili ba. Ki yi min addu'a su tsiro.

Naki,
Tela

* * *

Zuwa ga matata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida ki gaisuwar wanda ya rasa ta inda zai fara. Direba ya ce Auta ta warware har ta fara girki, kuma kina haɗa kaya, mako mai zuwa za ki taho. Allah ya kawo ki lafiya. Na so takardar nan ta riga ki, don abin da ke cikinta ba zan iya faɗa ina kallon idonki ba.

Na warware ƙyallen gwajin. Waɗanda suka tsiro ba su cika yatsun hannuna da na ƙafa ba, su ma wasu sirara ne kamar zaren da ya sha wanki. Sauran sun yi baƙi. Na sake gwadawa da wata jaka ko ta farkon ce ta yi rashin sa'a, duk kanwar ja ce. Jarka guda ta tafi, Manomiya. Kashi ɗaya cikin uku na gonarki, na irin mahaifiyarki, ni na kashe shi da farin yadi da koren zare.

Na naɗe ƙyallen gwajin na tafi injin, da rigar aikina, zare duk a jiki. Na shimfiɗa masa a kan buhu. Ya duba ya daɗe. Bai yi dariya ba, da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya buɗe sito ya nuna min biyun suna nan yadda kika bar su, kyandir ko tsagewa bai yi ba. Ya ce ranar da ya tsaya a ƙofata so ya yi ya ce in sauke su tun da sauran dama, da na ƙi saurare ya nemi ya kira ki, sai ya tarar ba shi da lambarki. Ashe ma ba shi da lambarki. Allah ya yafe min, a cikin wannan baƙin cikin sai da na ji wani sanyi.

Na juya zan tafi, ya ce in zauna akwai saƙon da bai san ko nasa ne ya faɗa ba. Na zauna a kan katakon, inda jarkata ta tashi.

Ya ce safiyar da kika kawo su ta lungun baya, ya tambaye ki me ya hana ki bari a gida. Kika ce ɗakinmu kwano ne yana ɗaukar zafi, kuma maigidan ya ce a nema wa shinkafa wani gida. Har kin juya, sai kika dawo, kika kwance ƙyalle daga bakin zanenki kika ɗaura wa ɗaya. Kika ce in Tela ya tako da ƙafarsa ya tambaya, a ba shi wannan ba tare da musu ba, don tun da aka yi aurenku bai taɓa tambayar irinki ba ko sau ɗaya, ranar da ya tambaya kuwa ba za ki so ya koma hannu biyu ba. Ya ce ya ja miki kunne, tela bai san kan iri ba, yana iya ɓata shi. Kika ce iri naki ne, miji ma naki ne, ya yi abin da aka ce.

Ni da na yi ta ƙunar rai kan ƙyallen nan, ina cewa kin kai masa ya riƙa kallo. Ashe sunana kika rubuta a jikin jarkar, da rubutun da kika san ni kaɗai zan iya karantawa, na karanta shi a juye.

Na tashi, gwiwar ta ƙi, sai da ya kama ni. Wannan ma ban yafe wa gwiwar ba.

Ya ce yana da wani iri, ba irin naki ba ne amma yana yi, zai bayar a cike gurbin don kada ɓangaren ƙasan nan ya zauna fili ciyawa ta samu gida. A'a ta zo har bakina, na haɗiye ta. Gonarki ce, ke za ki yanke. In kin ce a karɓa, ni zan je in ɗauko, kuma wannan karon da baro.

'Yan tsirarun da suka tsiro ban zubar ba. Na samo tsohon baho na huda gindinsa, na cika da ƙasa, na dasa su a ƙofar shago. Sun miƙe, har sun yi ganye bibbiyu. Masu kawo ɗinki na tambaya ko na canza sana'a. Ina roƙon ki ba su wuri a kusurwar ɓangaren da na kashe, ki tsaya a kaina in dasa su da hannuna, ki yi min duk faɗan da kika riƙe a waya. Jarkar kuma na wanke ta na kife a inuwa ta bushe ƙarau. Ƙyallen yana nan a hannunta, ban kwance ba, ke ma kada ki kwance. In Allah ya kai mu girbi ki cika ta ki rufe ki bar min. Almakashina ba zai ƙara kusantar murfinta ba.

Saura abu ɗaya, kuma kada ki yi dariya. Kishin bai tafi ba, wuri ya canza. Maganar nan da kika faɗa a sito, shekara talatin da ɗoriya ban taɓa jin irinta daga bakinki ba, sai ga shi mai turaren nan ya riga ni ji, shi da kyanwarsa. Ni a bakin namiji na ji ta, cikin warin man injin. Ban karɓa ba. In kin sauka, kafin ki je gona, kafin ki je duba jarkokinki biyu, ki shigo ɗaki ki ajiye jaka ki maimaita min ita da bakinki.

Ki gaida Auta da mijinta. Ki ce wa ango ya ci lokacinsa, a dawo min da matata.

Mijin da kika ce naki ne,
Tela